Katakon da ya koma dutse: adon gine-ginen Girkawa da Rumawa

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ku tsayar da ido a kan wannan ginin. Sunansa Fartenon, haikalin da ke kan dutsen Akrofolis a birnin Atina na ƙasar Girka. An aza harsashinsa a shekarar 447 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama adonsa a 432. Ginshiƙan ne ke fara ɗaukar ido, 8 a gaba, 17 a kowane gefe. Amma yau so nake mu ɗaga kai sama da su kaɗan.

Kun ga waɗannan allunan masu tsaga a tsaye, da suka jeru da tazara iri ɗaya? Girkawa na kiransu tiriglif, wato mai sassaƙa uku. A ƙarƙashin kowanne akwai wasu 'yan dunƙule guda 6, kamar kan ƙusa. Duk marmara ne, kuma babu abin da suke riƙewa. To me ya kawo su?

Wani magini Barume mai suna Bitrubiyus, wanda ya rubuta littafi mai kashi 10 a kan gini a zamanin sarki Agustus, ya ba da amsa. Ya ce da can da katako ake rufe haikali. Kafinta zai jera manyan katakai a kan bango, kamar dai yadda ake jera azara, ya yanke bakinsu daidai da fuskar bangon. Bakin da aka yanke ba shi da kyan gani, sai aka riƙa buga masa ɗan allo, a shafe shi da kakin zuma mai launin shuɗi. Da magina suka koma aiki da dutse, katakon ya tafi, amma siffarsa ta zauna. Su kuwa 'yan dunƙulen nan, masana da yawa na ganin turakun da ake kafe katakon da su ne aka kwaikwaya. Filin da ke tsakanin allo da allo, wanda da gurbi ne kawai tsakanin katakai, shi masassaƙa suka cika da hotunan yaƙi. Akwai irinsu 92 a jikin Fartenon.

Akwai shaida mai kyau a Olimfiya, wani tsohon wurin bauta a Girka. Haikalin Hera, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, da ke can, wanda aka gina wajen shekarar 600 kafin haihuwar Annabi Isa, da ginshiƙan itace ya fara. Duk wanda ya ruɓe sai a canja shi da na dutse, a kan yayin lokacin, shi ya sa har yau ginshiƙan ba su yi kama da juna ba. Wani matafiyi, Fausaniyas, ya je wurin bayan shekara 700 da wani abu, ya tarar da saura guda ɗaya na itace yana tsaye.

Yanzu mu koma Fartenon, mu sauko jikin ginshiƙin. Wannan salon shi ake kira Dorik, kakkaura, ba shi da gindin zama, kai tsaye yake dafe da daɓe. An yi masa tsagi 20 daga sama har ƙasa, bakin kowane tsagi da kaifi. Ku lura da abin da rana take yi masa. Ginshiƙi sumul idan rana ta haske shi sai ya zama kamar allo, ido ba ya gane zagayensa. Tsagin nan kuwa kowanne yana riƙe da tasa inuwar, wani mai duhu, wani mai haske, sai ka ga dutsen ya kewaya. A wurina wannan shi ne gwanintar da ta fi kowace, domin da inuwa kawai aka yi adon. Kada farin da kuke gani ya ruɗe ku kuma, da fenti a jikin ginin, ja da shuɗi, shekaru ne suka wanke shi.

Taku kaɗan daga nan akwai wani haikalin, Erektiyon, mai salon Ayonik. Ginshiƙinsa siriri ne, tsaginsa 24, kansa ya nannaɗe hagu da dama kamar ƙahon rago. Ku matso kusa. Wannan layin ana ce masa ƙwai da mashi: ƙwai ɗaya, tsini ɗaya, ƙwai ɗaya, tsini ɗaya, har ƙarshen bango. Na ƙarƙashinsa kamar carbi yake, dogon ɗa sannan 'yan fayafayai biyu. Can kuma a barandar kudu, 'yan mata 6 na marmara ne ke ɗauke da rufi a ka a madadin ginshiƙai. Waɗanda ke tsaye a wurin yanzu kwafi ne. Biyar na asali suna gidan tarihin Akrofolis, ɗaya kuma tana Landan tun farkon ƙarni na 19. A saman kawunansu za ku ga wasu 'yan murabba'ai a jere kamar haƙora, kuma haƙora ɗin ake kiransu. Su ma bakin ƙananan katakan rufi ne.

Salo na uku, na Korinti, shi ne mai ganye, kuma labarin da Bitrubiyus ya bayar a kansa yana taɓa zuciya. Wata budurwa ce ta rasu a birnin Korinti, ta isa aure ba ta kai ga yi ba. Matar da ta rene ta ta tattara 'yan kayan da yarinyar ke so, ta zuba a kwando, ta ajiye a kan kabarin, ta rufe da falan yumɓu don kada ruwa ya ɓata su. Ashe a kan saiwar wani tsiro mai suna akantus ta ɗora kwandon. Da lokacin tsiro ya yi, ganyen ya fito ya bi jikin kwandon, ya tarar da murfin a sama, sai ya lanƙwaso ƙasa. Masassaƙi Kallimakus ya zo wucewa ya gani, ya mayar da shi kan ginshiƙi. Labari ne da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan zamanin Kallimakus, amma ku dubi kan ginshiƙin da kyau: ga kwandon a ciki, ga ganye sahu biyu, ga murfin mai kusurwa huɗu a sama. Mafi tsufan da aka sani an same shi ne a cikin haikalin gunkin Afolo da ke Basai a Girka. Rumawa ne suka rungume shi hannu biyu, suka kai shi ko'ina, har Leftis Magna da ke Libiya ta yau.

Sai layin nan mai karyewa yana komowa, wanda ake gani a bakin daɓe da jikin tukwane. Sunansa miyanda, daga wani kogi mai yawan kwana da ke yammacin Turkiyya.

Duk waɗannan suna kusa da mu fiye da yadda muke zato. Ku zaga sababbin unguwanni a Abuja ko Kano ko Kaduna, za ku ga ginshiƙan siminti masu ganyen akantus a bakin ƙofa, ga ƙwai da mashi a gefen silin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake haɗa su barkatai. Bitrubiyus ya ce Girkawa ba sa sa haƙoran nan a ƙarƙashin adon da ke kwaikwayon manyan katakan rufi, domin a rufin gaske ƙaramin katako a kan babba yake kwanciya, ba a ƙarƙashinsa ba. Har bayan katakon ya zama dutse suna kiyaye masa tsarinsa.

A bidiyo na gaba za mu shiga haikalin Fantiyon a birnin Rum, wanda aka gama a zamanin sarki Hadiriyan. Faɗin kubbarsa ya haura mita 43, a cikinta kuma akwai ramuka masu kusurwa huɗu, sahu 5, kowane sahu 28. Za mu ga yadda suka rage wa kubbar nauyi.