Tomahok da wuƙa: ƙira, gyara, da zaɓen abokin tafiya

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan ɗan gatarin da kyau, musamman inda ƙarfen ya haɗu da ƙota. Babu ƙusa, babu noti, babu gam. In na riƙe shi a tsaye na buga gindin ƙotar a kan kututture sau biyu, sai ƙarfen ya sulɓe ya sauko hannuna. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi. Sunansa tomahok, gatarin mutanen asalin Amurka ta Arewa.

Gatarinmu na gida, ruwansa ne ke da tsini a baya, a huda kan ƙota a cusa shi. A tomahok kuwa ƙotar ce ke shiga cikin ƙarfe. Kafar da ke jikin ƙarfen tana da faɗi ta sama, ta tsuke ta ƙasa. Ita ma ƙotar kanta ya fi gindinta kauri. Sai a zura siririn gindin ta saman kafar, ƙarfen ya yi ta hawa har ya cije a wurin kaurin. Duk saran da ka kai, ƙara tura shi kake yi wajen kaurin, don haka ba ya fita ya tashi sama.

Kafin zuwan Turawa, da dutse ake yin kan. Daga shekarun 1600 fataken Faransa da Ingila suka riƙa kawo na ƙarfe suna musanya da fatun dabbobi. Daga baya har aka yi mai lofe a ƙeyarsa, ƙotar a rarake, a sara da shi, a kuma sha taba da shi a zaman sulhu. A hunturun 1804 zuwa 1805, ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa na Amurka, ya yada zango kusa da ƙauyukan ƙabilar Mandan a bakin kogin Misuri, kuma maƙerinsu John Shields ya riƙa ƙera gatura mutanen garin suna biya da masara. Maƙerar nan ta taimaka ƙwarai wajen ciyar da ayarin har sanyi ya wuce.

To yaya ake ƙera shi? Tsohuwar hanya ita ce ta naɗi. Maƙeri zai samu falalen ƙarfe mai taushi, ya gasa shi, ya lanƙwasa shi a kan wani sandan ƙarfe mai siffar ƙota har bakunan biyu su haɗu. Kafa ta samu ke nan. A tsakanin bakunan sai ya soka ɗan yankin ƙarfe mai tauri, irin na tsohon magagari ko sifirin ɗin mota, ya barbaɗa garin borakis don kada datti ya hana su kamawa. Sai a koma wuta, a zuga har ƙarfen ya tashi daga ja ya koma rawaya mai haske, a fito da shi da sauri a bi shi da guduma. Bugun farko ba na ƙarfi ba ne, na lallashi ne, don in ka ɗirka masa tun farko yankin tsakiyar zai tsere. Dalilin wannan wahalar shi ne a da ƙarfe mai tauri tsada gare shi, baki kaɗai ake sa wa. Amma dabarar ta zo da riba: jiki mai taushi yana shanye bugu bai tsage ba, baki mai tauri yana riƙe kaifi. Maƙeran yau da yawa sun fi son su ɗauki tsohon kan guduma, tunda da kafarsa, su buɗa ta, su baje gefe guda ya zama baki.

Wurin da aiki ya fi lalacewa shi ne taurarawa. Ana gasa bakin har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius, a ɗan ƙara kaɗan, sannan a tsoma cikin mai. A wannan lokacin in ka goga magagari zamewa zai yi, amma in ka sari gaɓar itace bakin zai ɓantare. Dole a sake ɗumama shi a hankali, ana kallon launi yana tafiya daga ruwan ƙasa zuwa shunayya, sannan a tsayar. Gatari ana barinsa da ɗan taushi fiye da wuƙa, saboda shi duka yake sha.

Yawancin masu sha'awar zaman daji a Amurka ba sa ƙerawa, na kanti suke saya su gyara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shan gyara shi ne Trail Hawk na kamfanin Cold Steel, mai ƙotar itacen hikori inci 22. Yana zuwa da baƙin fenti da wani ɗan sukuru a gefe da ke riƙe kan. Abin da suke fara yi shi ne kwance sukurun su jefar, kuma ina bayansu. Sukurun yana cin itace ne kawai, ya kuma kashe hikimar abin gaba ɗaya. Daga nan a kankare fenti, a bi cikin kafar da magagari a cire kaushi, a zura ƙota a fitar, a duba inda ƙarfen ya bar tabo, a goge wurin da samfefa, a sake gwadawa har ya zauna daram. Wasu na jiƙa kan a ruwan khal ya yi duhu, hakan na rage tsatsa. Ƙota kuma a shafe ta da man linsid. Masu naɗe ƙotar da fata ko igiya tun daga wuya har gindi, kyau dai ta yi kyau a hoto, amma kan ya daina fita. Ka sayi tomahok ka mayar da shi gatari marar nauyi, ina ribar?

Saura wuƙa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya rataya tomahok a dama, ya rataya ƙatuwar wuƙa mai kama da adda a hagu. Kaya biyu, aiki ɗaya. George Washington Sears, Ba'amurke marubuci kan zaman daji wanda aka fi sani da Nessmuk, tun 1884 ya nuna abin da yake ɗauka: ɗan gatari, wuƙa matsakaiciya mai kube, da 'yar wuƙar aljihu, yana kuma yi wa masu manyan wuƙaƙe ba'a. Tomahok ya ɗauki sara, datse rassa, da kafa turakun tanti in ƙeyarsa mai guduma ce. Wuƙar kuwa ta zama siririya, bakinta kamar santimita 10, irin Mora ta ƙasar Suwidin, don fiɗa, yanka nama, fiƙe tsinke da feraye itacen hura wuta. In kana da gatari a ƙugu, ba ka da hujjar bugun bayan wuƙarka da sanda don faskare.

Sai dai shi ma tomahok ba gwanin faskare ba ne. Bakinsa siriri ne, nutsewa yake yi ya maƙale. Itacen da bai wuce kaurin damtse ba shi ne nasa. In ya wuce haka, zare kan, ka ɗora bakin a kan gungumen, ka riƙa bugun ƙeyar da wani icen har ya tsage. In kuma ƙotar ce ta karye a daji, nan wuƙar ke biyan bashi: ka sami reshe mai ƙwari wanda gefe ɗaya ya fi kauri, ka riƙe kan tomahok a tafin hannu ka rage shi, ka ƙarasa gyaran da wuƙa, ka zura ta sama, ka juya shi ka buga kan ƙotar a ƙasa har ƙarfen ya cije.