Wa Akta Ya Ceta? Lacca a Kan Finafinan Jarumai da Na Kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, iyayenmu mata da ke gefen can, ƙannena ɗalibai, barkanmu da rana. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan finafinan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, da kuma na ƙagaggen labarin kimiyya, irin na taurari da jiragen 'yan sama jannati. Ni masoyin abin ne. Na fi shekara talatin ina kallo, tun zamanin gidan kallo na unguwa, a biya kuɗin ƙofa a zauna kan benci, janareta na kuka a waje, ga wani yaro a gefenka da ya ga fim ɗin sau biyar yana ta cewa "yanzu bos zai fito, yanzu bos zai fito." (Dariya.) Kowace unguwa tana da irinsa, wataƙila ma yana cikin ɗakin nan. Abu huɗu na zo da su.

Na farko, asalin abin. Superman ya fara bayyana ne a mujallar labarin zane a 1938. Wasu samari biyu ne daga birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan baƙin haure, suka ƙago shi, suka sayar da shi a kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man sai 1962. Amma mu nan, da yawanmu ta Indiya muka fara haɗuwa da irin wannan jarumi. Wa ya tuna Mr. India na 1987, na Anil Kapoor? Ga hannuwa can. Mutum ne mai riƙon marayu a gidan haya, ya samu wata na'ura da ake ɗaurawa a hannu, da ya latsa sai ya ɓace, ba a ganinsa sai a cikin jan haske. Mu ba mu sha wahalar fahimta ba, cewa muka yi layar zana ce. To me ya yi da layar? Ya bi 'yan kasuwa masu algus, masu zuba tsakuwa a cikin hatsin talakawa. Ku riƙe mini wannan, zan dawo kansa.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata take. Idan yaro ya dawo daga kallo, tambayar da 'yan uwansa ke yi masa ita ce, akta ya ci bos? Ni tambayata daban ce: wa akta ya ceta, kuma me ya rasa wajen ceton? Da wannan nake auna kowane fim. Kuma a ma'aunina babu wanda ya kai Spider-Man na biyu, na 2004, wanda Sam Raimi ya ba da umarni, Tobey Maguire ya fito a matsayin Peter Parker, wato Spider-Man ɗin.

Ku dubi yadda fim ɗin ya buɗe. Jarumin da zai iya ɗaga mota yana kan ɗan babur yana kai wa mutane abinci gida-gida, ya makara, aka kore shi daga aiki. A jami'a malaminsa na yi masa faɗa ba ya zuwa aji a kan lokaci. Hotunan da yake ɗauka yana sayar wa jarida, editan da ke saya shi ne wanda ke zagin Spider-Man kullum a shafin farko. Peter maraya ne, matar baffansa ce ta riƙe shi, tsohuwa May, baffan kuma an kashe shi tun a fim na farko. Banki na shirin ƙwace gidanta. Ranar zagayowar haihuwarsa, da zai tafi, ta damƙa masa dala 20 a hannu. Ya ce a'a. Ta ɗaga murya, ido ya cika da hawaye, ta ce sai ya karɓa. Jama'a, wanene a cikinmu bai san wannan ba? Ka je gaida tsohuwa a ƙauye, ka san ba ta da shi, amma ta kwance bakin zane ta ce ungo ka sha ruwa a hanya, in ka ƙi ta yi fushi. Ya koma ɗakinsa na haya, mai gidan yana laɓe yana jiran kuɗin wata, ya fizge dala ashirin ɗin daga hannunsa. Wannan shi ne mutumin da za a ce ya ceci birni.

Yanzu jirgin ƙasa. Bos ɗin, Dakta Octopus, mai hannuwan ƙarfe huɗu a gadon baya, ya ƙure gudun jirgi cike da fasinja, ya karya birki, ya yi tafiyarsa. Layin dogon a sama yake, kan gada, kuma gaba kaɗan ya ƙare, sai ruwa. Af, a Chicago aka ɗauki wani ɓangare na wurin nan, duk da labarin a New York yake. To. Peter ya tsaya a goshin jirgin. Abin rufe fuskarsa ya ƙone, ya cire ya yar. Ya fara sa ƙafa a kan katakon layi, katako ya yi ta farfashewa, bai tsaya ba. Ya harba zarensa jikin gine-gine, bango ya ɓalle. Sau biyu ke nan ya gaza, ku lura, sau biyu. Sai ya harba zare da yawa dama da hagu, ya riƙe da hannu biyu, ya jingina bayansa da jirgin. Hannuwa a miƙe, riga na yagewa a kafaɗa, ƙarfen jirgin na lotsawa a bayansa, fuskar nan duk ta yamutse don azaba. Jirgi ya tsaya a daidai bakin gada. Shi kuma ya suma, ya tafi zai faɗa ƙasa.

Sai ka ga hannuwa sun fito ta taga sun dafe ƙirjinsa. Hannuwan fasinjoji. Suka jawo shi ciki, suka ɗaga shi sama da kawunansu, wannan ya miƙa wa wancan, a hankali, kamar yadda muke karɓa-karɓa da makara, har suka shimfiɗe shi a ƙasa. Suka yi shiru suna kallon fuskarsa. Wani magidanci ya ce ashe yaro ne, bai girmi ɗansa ba. Wasu yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskar da suka tsinta, suka ce ba za su gaya wa kowa ba. Da bos ya dawo, mutanen nan da ba su da komai a hannu suka sha gabansa ɗaya bayan ɗaya, suka ce sai dai ya bi ta kansu.

Na ga wurin nan ya fi sau ashirin, kuma har gobe idan hannuwan nan suka fito sai tsigar jikina ta tashi. Ashe yaro ne. Duk fim ɗin don wannan kalmar aka gina shi. Ba don ka ga korar aiki da dala ashirin da mai gidan haya ba, da kalmar ba ta taɓa ka ba.

Ƙanena mai jar hula, na ga kana girgiza kai, na san kai ɗan Batman ne. (Dariya.) Ka yi haƙuri, za mu yi magana a waje.

To ku kwatanta da Man of Steel na 2013. Superman da Janar Zod suna dambe a tsakiyar birni, suna ratsa benaye kamar kara, gini na zubewa bayan gini. Ina zaune ina tambayar kaina, mutanen da ke ciki fa? Kyamara ba ta damu da su sosai ba. Alhali a Superman na 1978, na marigayi Christopher Reeve, a daren da ya fara bayyana har kyanwa ya sauko wa wata yarinya da ita daga kan bishiya. Haka kamfanin Marvel: tun Iron Man na 2008 sun yi finafinai sun haura talatin, akwai masu kyau ƙwarai a ciki, ban musa ba. Amma a 2018 bos Thanos ya kaɗa yatsa rabin halitta ta zama toka, a 2019 aka dawo da su. Rabin halitta! Zuciya ba ta iya ɗaukar wannan lissafi. Tarago ɗaya mai mutanen da na ga fuskokinsu ya fi girgiza ni.

Na huɗu... na ce na uku? To ku ɗauka wancan ne na uku, lokaci na gudu. Ɓangaren kimiyya. Star Wars na 1977, wanda aka ɗauki hamadarsa a Tunisiya, ina son sa, amma tatsuniya ce ta takobi da sarauta aka kai ta sama. Wanda na fi girmamawa shi ne Star Trek, shirin talabijin da Gene Roddenberry ya fara a 1966. A lokacin baƙar fata na fafutukar 'yanci a Amurka, sai ga baƙar mace, Nichelle Nichols, a matsayin Uhura, jami'ar sadarwa a ɗakin tuƙin jirgi. Ta so ta bar shirin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Wata yarinya mai suna Mae Jemison tana kallo a gida, a 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya. Na ce zan dawo kan Mr. India ko? Malam shugaba yana nuna mini agogo. Akwai hannu a can, bismillah ƙanwata.

(Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa bai ambaci Black Panther ba, alhali shi ne fim ɗin da ya shafi Afirka.)

Allah Ya yi miki albarka. Da gangan na kauce masa, amma tunda kin tambaya zan faɗa. Ina son fim ɗin nan na 2018. Ryan Coogler ya yi aiki, harshen Xhosa na Afirka ta Kudu suke yi a Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar da ke cikin fim ɗin, kuma Chadwick Boseman ya yi shi ne yana fama da sankarar hanji bai gaya wa duniya ba, har ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Amma kin tuna inda aka fara faɗan farko? An rubuta a jikin allo: Dajin Sambisa, Najeriya. Motoci cikin dare, mata a bayan mota da lulluɓi, 'yan bindiga, har "wallahi" za ki ji a bakin ɗayansu. Jarumi ya diro daga sama, cikin 'yan mintuna an gama, mata sun kuɓuta.

Ranar da na fara gani ban yi tafi ba. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, kuma lokacin da fim ɗin ya fito da yawansu ba su dawo ba. Ga wanda ke Amurka wannan buɗe fim ne. A wurinmu akwai uwar da har lokacin take ajiye da kayan makarantar 'yarta. Abin ya yi mini nauyi, kuma har yanzu yana yi.

Sai dai a kallo na biyu na lura da wani abu. Ga wani ɗan bindiga, aktan, T'Challa, ya ɗaga hannu zai gama da shi, sai Nakia, wata 'yar Wakanda da ke cikin matan, ta tare. Ta yaye ƙyallen da ya rufe fuskarsa da shi, ta ce wannan yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Daga baya ta ce wa matan su tafi da shi su mayar da shi ga danginsa. Kin ji? Kalmar cikin jirgin ƙasa ce ta dawo, a dajin Borno, a kan yaron da ke riƙe da bindiga. Wanda ya rubuta wurin nan ya san cewa ba 'yan mata kaɗai aka sace ba, an kwashi yara maza an ɗora musu makami, kuma su ma suna da iyayen da ke jira. Saboda wannan ɗan wurin nake sake kallon fim ɗin, duk da nauyin da na gaya miki.

Ga ladan can ya fara kiran la'asar. Mai jar hula, ka jira ni a bakin masallaci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.