Kabewa a Amurka: Tun Daga Waƙar Yara Har Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina wata gonar kabewa a jihar Ilinoi, jihar da ta fi kowace noman kabewa a Amurka. Bari in juya muku kyamara. Iya ganinka kabewa ce a zube, duk ruwan goro, kuma da wuya ka ga babba ba yaro a hannunsa. Haka Oktoba take a ƙasar nan.

Ku saurari matar can mai jan ɗan amalanke. Yanzu ta kira 'yarta, kuma ba da sunan yanka ba, "kabewata" ta ce mata. A nan idan so ya motsa wa uwa ko uba ko kaka, wannan na cikin sunayen da ke zuwa baki, kamar yadda kaka a gida ke ce wa jikanta "angona". Ku dubi kumatun yarinyar yadda sanyi ya sa suka yi jajur, sun cika fam. Wallahi sunan ya dace da ita, kuma yana burge ni a ce abin da aka noma da hannu shi ake kiran ɗa da shi.

Tun a makarantar raino ake haɗa su da ita. 'Yata ta dawo da wata waƙa ta ƙananan kabewa biyar da ke zaune a kan ƙyaure. Sai ta ɗaga yatsu biyar, kowace kabewa ta faɗi tata maganar, ita kuma tana nuna yatsa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe iska ta taso, fitila ta mutu, sai ta tafa hannu da ƙarfi, ta murza hannaye wai sun gangara sun ɓace. Da wannan waƙar ta iya ta farko, ta biyu, har ta biyar. Akwai wata tsohuwar waƙa kuma, ta wani mutum da ya kasa riƙe matarsa sai ya kulle ta a cikin ɓawon kabewa. Wannan kam ban koya mata ba, ba kuma zan koya mata ba. Ko a tatsuniyar Sindarela, wadda Bafaranshe Charles Perrault ya rubuta a 1697, kabewa ce ta rikiɗe ta zama keken doki.

Manyan nan da kuke gani na bikin Halowin ne, daren 31 ga Oktoba. A yanke kan, a kwashe 'ya'yan, a ɓula ido da hanci da baki, a sa kyandir a ciki, a ajiye a bakin ƙofa. Mutanen Ayalan ne suka zo da al'adar. A can wata saiwa suke sassaƙawa, da suka iso nan suka tarar kabewa ta fi girma, ta fi daɗin wuƙa. Mu a gidanmu ba ma wannan bikin.

Abin da ke ci mini rai shi ne farkon Nuwamba. Ka bi unguwa ka ga kabewa ta lotsa tana ruɓewa a kan matakala, daga nan sai kwandon shara. Abinci ne fa! 'Yan asalin nahiyar nan sun yi dubban shekaru suna shuka ta a gona ɗaya da masara da wake, suna ci suna rayuwa.

Don haka ni ƙanana nake nema. Manyan nan ruwa ne da zare, ba su da zaƙi. Kun ga wannan? Ga nauyi, ɓawonta da tauri, ba tabo ko ɗaya. Akwai alayyafo da gyaɗa a gida, yakuwa ce sai na biya shagon 'yan Afirka. Gobe in sha Allah miyar taushe da tuwon shinkafa za mu yi, zan nuna muku daga fira har sauke tukunya. Mu je layin biyan kuɗi kafin ya ƙara tsawo.