Darasin Babur Mai Ƙafa Huɗu Kafin Ka Bi Ayarin Faɗuwar Rana

Mai koyarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna bakin teku ne ta wajen Lekki, kuma iska na kaɗawa, in murya ta riƙa yankewa a yi mana afuwa. Darasin yau a kan babur mai ƙafa huɗu ne, wanda za ku ga an rubuta ATV a allon masu haya. 'Yan'uwa daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun dame ni da tambaya, musamman masu zuwa Istanbul saro kaya. Sun ga bidiyon mutane a jere kan irin wannan babur suna ratsa kwari rana na faɗuwa, suna son sanin yadda abin yake. Shi ya sa na taho da ƙanena, ɗan okada ne, ya san babur ciki da bai. Ƙanena, matso. Ka taɓa hawan wannan?

Ƙane: Ban taɓa ba, Yaya. Amma ai wanda ya saba ratsa Oshodi da fasinja, mai ƙafa huɗu ba zai ba shi tsoro ba. Shi ko tsayawa ka yi ba ya faɗuwa.

Mai koyarwa: To kun ji ko. Kallon kitse ake yi wa rogo. Wanda bai taɓa hawan komai ba ya fi sauƙin koyarwa a kan wannan injin fiye da gwanin babur, domin shi gwanin jikinsa ya riga ya haddace abubuwa biyu, kuma su ne za su kai shi asibiti. Na farko, sauke ƙafa. Na biyu, kwantar da babur a kwana. Za mu zo kansu.

Asalin abin ma ƙafa uku ne. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1970, mutane suka yi ta kifewa da shi, har a 1988 kamfanoni suka amince da hukumomin Amurka a daina sayar da sabon mai ƙafa uku. Suzuki ne ya fara kawo mai huɗu a 1982. Ƙarin ƙafar ya rage matsala, bai kawar da ita ba. A Ostareliya, inda manoma ke kiwo da shi, tun 2021 doka ta ce sabon babur na aikin gona sai an sa masa wani ƙarfe a baya, don in ya kife kada ya danne mai shi. Nauyin irin wanda ake ba da haya yakan haura kilo 200. Ka ƙiyasta shi a kan ƙirjinka.

Mai kyamara, kawo nan wajen hannun dama. Ƙanena, ba shi wuta mu gani.

Ƙane: Ai hannun ba ya murɗuwa, Yaya.

Mai koyarwa: Ba zai murɗu ba. Duba ƙasan hannun, ga wani ɗan harshe nan, shi ne totur, da babban yatsa ake tura shi. An yi haka ne saboda in ka faɗa gargada za ka ƙanƙame hannu, da a ce murɗawa ake yi da sai ka buɗe wuta ba ka sani ba. Tura shi sannu-sannu. In ka danna shi gaba ɗaya gaban zai iya ɗagawa. Kuma ku sani, bayan rabin awa yatsan nan zai yi tsami, kowa haka yake ji, ba wata cuta ba ce.

Birki kuma, a wannan na hannun dama na gaba ne, na hagu na baya, ga kuma na ƙafa. Wasu hannu ɗaya ke kama duka tayoyin, don haka ka tambaya, kada ka ɗauka duk ɗaya ne. Babu kuloci, giyarsa da kanta take shiga, gaba ce da baya da firi. Wannan jan maɓallin na hagu shi ke kashe inji nan take. Ka san inda yake kafin ka motsa.

Yanzu taya. Danna ta da hannunka.

Ƙane: Kai, wannan ai ba iska. A kai ta wajen mai faci.

Mai koyarwa: Haka ake son ta. Tayar mota ana ba ta iska talatin da wani abu a ma'aunin mai faci, wannan kuwa wajen biyar take sha, don ta baje a kan yashi kada ta nutse. Leƙa baya kuma. Ka ga sandar ƙarfen nan da ta haɗa tayoyin biyu? Tare suke juyawa, gudu ɗaya. A kwana, tayar waje tafiyarta ta fi tsawo, saboda haka dole ta ciki ta ɗan zame. A kan ƙasa ko yashi tana samun zamewa. A kan kwalta kuwa sai ta kama, injin ya ƙi kwana, in ka matsa masa ya ɗaga gefe ya juye. Shi ya sa masu ƙera shi suka rubuta a jikinsa cewa ba na titi ba ne. Masu tunanin ko za a yi okada da shi tunda gwamnati ta hana babur a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu tun 2022, su cire wannan daga ransu.

To ga yadda ake kwana. Shi ba ya kwanciya, kai ne za ka motsa. In za ka yi hagu, rage wuta tun kafin ka isa, karya kan, ka karkata kafaɗunka zuwa hagu, amma ƙafar dama ta danne matakinta. Har zamanka kan kujera ka gusa, kada ka zauna daɓas. Ƙafa kuwa, ko me ya faru, tana kan mataki. Tayar baya ta fi faɗin inda ƙafarka za ta sauka, kana sauke ta tayar za ta hau agararka ta fizgo ka ƙasa. 'Yan babur, wannan naku ne, domin ƙafar da kanta take fita ba tare da shawararku ba.

Legas shimfiɗe take, ruwa ne da yashi, babu tudun da zan nuna muku sai wannan ɗan tulin. Amma inda za ku je akwai hawa da gangara. Wajen hawa, ka kwanto gaba, ƙirji kusa da kan babur. Wajen gangara, ka ja jiki baya, ka bi da birki a hankali. In inji ya mutu a tsakiyar tudu ya fara komawa baya, kada ka taka birkin baya, zai wuntsila da kai. Kama na gaba har ya tsaya, sannan ka haɗa da na baya, ka sauka ta gefen da ya fi tudu, ka jira jagoran ayari.

Bari mu je ga wurin da kuke ta tambaya. Mafi yawan bidiyon nan daga Kapadokiya ne, a tsakiyar Turkiyya. Daga Legas zuwa Istanbul kusan awa bakwai ne a jirgi, daga can ka hau na cikin gida zuwa Kayseri ko Nevsehir, sai mota ta kai ka garin Goreme. Tokar aman wuta ce ta rufe yankin shekaru miliyoyi da suka wuce, ta daskare ta zama dutse mai taushi. Ruwa da iska suka yi ta cin sa, inda dutse mai tauri ya rufe sama sai ƙarƙashinsa ya tsira. Abin da ya rage shi ne waɗancan dogayen duwatsu masu hula, kamar rumbunan ƙauye da aka kifa wa jinka. Saboda taushin dutsen mutane suka fafe shi suka yi ɗakuna da majami'u, har da ɗakunan tattabaru don tara kashinsu a kai gona. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985.

Balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane sama da kuke gani, da asuba suke tashi. Babur kuwa kasuwarsa da yamma ce, galibi tafiyar awa biyu. Ana bi ta wajen ƙauyen Cavushin, a tsaya nan a tsaya can don hoto, a ƙare a kwaruruka biyu da ke maƙwabtaka, Jan Kwari da Kwarin Wardi. Dutsen wurin da rana tsaka fari-fari ne da ɗan ja, ba zai burge ka sosai ba. Amma in rana ta yi ƙasa haskenta ya bugi bangon daga gefe, sai launin ya riƙa sauyawa a gabanka, daga ruwan hoda zuwa ja zuwa ruwan goro, kowane saƙo na dutsen ya fito da inuwarsa. Wannan 'yan mintunan ake biya wa kuɗi, sauran tafiyar ƙura ce.

Maganar ƙura kuwa ba wasa nake ba. Ba kamfani ɗaya ke fita a wannan lokacin ba, kowa so yake ya riski faɗuwar rana, sai ka ga ayari bayan ayari. In kana baya, abin da na gabanka ya tayar shi za ka sha. Ni shawarata, ka nemi kusa da jagora, ka sa takunkumi da tabarau mai rufe ido, kada ka sa farar shaddarka. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, domin a cikin ƙura jar fitilarsa kawai za ka gani, wani lokacin ma sai ka kusa dukan sa. Ba a wuce na gaba, ba a barin layi. Mai son tsere ya haƙura, wannan tafiya ce ta jerin gwano, kuma dutsen da taya ta kankare ba ya komawa.

Ƙane: To Yaya, in mutum da iyalinsa ne fa? A goya Hajiya a baya?

Mai koyarwa: Sai in injin na mutum biyu ne, mai kujerar baya da mariƙi. Doguwar kujerar da ka gani a na mutum ɗaya, an yi ta ne don direba ya riƙa gusawa, ba wurin fasinja ba ne. Yaro ƙasa da shekara 16 kuma ba a ba shi babban inji. Hajiyoyinmu, don Allah, hijabi mai jan ƙasa da bakin mayafi, a tattare su a cusa cikin rigar sanyi, a sa wando a ciki. Ga kaca, ga sandar baya tana juyawa, in ta kama ƙyalle ba ta saki. Alhazai ma haka, babbar riga ta zauna a otal. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, ga salansa nan da zafi. Hular kwano kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Na san halinmu, sai a ɗora ta kan hula kamar ado.

Ku riƙe rigar sanyi ko da kun fita ana zafi. Yankin ya haura mita 1,000 sama da teku, rana na ɓacewa sanyi ke saukowa, da hunturu har ƙanƙara ke zuba.

Sai maganar da masu talla ba za su yi muku ba, wato magariba. Mu a Legas mun saba rana na faɗuwa tsakanin wajen shida da rabi da wajen bakwai duk shekara. Can kuwa a watan Yuni sai wajen ƙarfe takwas, a Disamba kafin biyar da rabi ta faɗi, kuma agogonsu na gaban namu da awa biyu. Lokacin tashin ayari yana bin rana ne, don haka ka yi la'asar kafin ka fita, ka fita da alwalarka, ka naɗe 'yar sallaya a jaka. Ƙasar Musulmi ce, in ka gaya wa jagora tun farko ba zai yi mamaki ba, ga masallatai kuma a cikin Goreme. Rangwamen salla da matafiyi ke da shi, wannan ka tambayi malaminka kafin ka bar gida.

Wanda Turkiyya ba ta kan hanyarsa, ana irin wannan a Agafay kusa da Marrakesh a Maroko, hamada ce ta tsakuwa, kana hango duwatsun Atlas. Ana yi a Sharm el-Sheikh ta Masar, ana yi a rairayin Dubai. Injin ɗaya ne, ƙa'idar ɗaya ce.

Ko'ina ne, har nan bakin teku, kafin ka karɓi makulli ɗauki wayarka ka zagaye babur ɗin da bidiyo a gaban mai shi. Fasasshiyar roba, karyayyen madubi, duk ka nuna, don kada a dawo a ce kai ne. Matsa birki ka ji ya kama, kunna fitila ka gani da idonka, domin dawowa cikin duhu-duhu za a yi, kuma a lokacin kowa ya gaji, kowa sauri yake. Takardar da za su miƙo maka ka sa hannu, karanta ta, ko ka sa a karanta maka. Inshorar tafiya da yawa ba ta ɗaukar raunin da aka ji a kan wannan babur, ka duba taka. Ka kuma tambaya tun wajen biyan kuɗi ko suna neman lasisin tuƙi.

Masu son gwadawa a nan gida kafin tafiya, ku lura da abu biyu. Gaɓar Legas daga gabas zuwa yamma ta miƙe, in ka fuskanci ɓangaren Badagry da yamma rana na cikin idonka, ga yara, ga masu dawakin haya, ba za ka gan su ba sai ka zo dab. Sannan jiƙaƙƙen yashi ya fi daɗin tuƙi, amma kada ya ja ka bakin ruwa. Igiyar tekun nan tana kwashe yashin ƙarƙashin taya, kana ji kana gani injin zai zauna.

To ƙanena, ɗaura hular. Igiyar fa. Yauwa. Ka je har wajen waccan bishiyar kwakwa, ka yi kwana ta hagu ka dawo, a hankali. Mai kyamara, bar fuskarsa, ƙafarsa ta hagu za ka bi mana.

Ƙane: Haba Yaya, ai na ji bayani.

Mai koyarwa: Kunnenka ne ya ji, ƙafar ba ta ji ba tukuna. Bismillah, tura totur.