Amsoshin Tambayoyinku: Idan Fayil Biyu Suna Jiran Juna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Agege take. Wani matashi mai rubuta manhajar lissafin shago da harshen kwamfuta na Python ya ce fayil ɗinsa kwastoma.py na ɗauko abu daga oda.py, shi ma oda.py na ɗaukowa daga kwastoma.py, kuma da ya kunna sai ya ga an rubuto "partially initialized module".

Malam, Python daga sama yake karanta fayil zuwa ƙasa. Da main.py, wato fayil ɗin da ake fara kunnawa, ya kira kwastoma.py, nan take Python zai sa sunansa a rajistar sys.modules, tun ba a gina komai a cikinsa ba. A layin farko sai ya ci karo da import, wato umarnin ɗauko abu daga wani fayil, ya dakata, ya nufi oda.py. Can ma aka ce a kawo Kwastoma, wato abin da aka rubuta a cikin kwastoma.py. Ya duba rajista, ya ga sunan fayil ɗin, don haka ba zai sake karanta shi ba. Amma Kwastoma yana can ƙasa, ba a kai gare shi ba tukuna. Kamar danfo biyu ne suka yi kiciɓis a lungu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya.

Kana iya mayar da import ɗin cikin aikin (function) da ke buƙatarsa, tunda sai an kira aikin za a karanta layin. Idan kuma don bayyana nau'in bayanai kawai kake son sunan, sa shi ƙarƙashin "if TYPE_CHECKING", ka rubuta sunan cikin alamar zance. Mu dai shawararmu, waɗannan na gaggawa ne. Zauna ka duba abin da fayilolin biyu ke tarayya a kai, ka cire shi zuwa fayil na uku wanda ba ya ɗauko komai daga cikinsu.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta ce a harshen C++ fayilolinta kwastoma.h da oda.h ma suna jiran juna, ta sa "#pragma once" amma matsalar ba ta tafi ba. Malama, aikinsa hana shigo da fayil sau biyu ne kawai, dole ɗaya ya riga ɗaya. A kwastoma.h rubuta "class Oda;" ki yi amfani da Oda*, wato mai nuna inda Oda yake, sannan ki kai #include ɗin, wato umarnin shigo da fayil, cikin kwastoma.cpp. In kika ajiye Oda gaba ɗayansa a cikin Kwastoma, za ki ga "incomplete type", domin kwamfaila, mai fassara wa kwamfuta abin da kika rubuta, na buƙatar sanin girmansa kafin ta ware masa wuri.