Mu Kai Yaranmu Tsibirin Sapelo a Hutun Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa da ke zaune da waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa, barkanmu da war haka. An ba ni minti goma, Ma'aji kuma ya riga ya ajiye agogo a gabansa, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

A taron da ya wuce aka ce kowa ya kawo shawarar inda za a kai yara idan an rufe makarantu. Na ji masu cewa Orlando, na ji masu cewa a sake komawa gidan kifin nan na cikin gari, wanda wasu yaranmu sun je har sun san kifayen da suna. Ni tawa shawarar tsibiri ce, kuma a nan cikin jihar Jojiya yake.

Mun san halinmu. Bahaushe a Amurka hutu ɗaya ya sani, zuwa gida. A tara kuɗi shekara biyu ko uku, a cika akwatuna da tsaraba, a tafi Kano ko Damagaram ko Kumasi, a dawo aljihu wayam. Ban ce laifi ba ne, ni ma haka nake yi. Amma shekarar da ba a je ba fa? Yara na kulle a ɗaki wata biyu, kowa da waya a hannu, uba na aikin dare, uwa na aikin rana. Na shekara goma sha ɗaya ina jan tirela a kan babbar hanyar 95, ina wuce mahaɗar garin Darien kamar wanda aka koro, ban taɓa sanin abin da ke bayan fadamar nan ta gabas ba sai bara, da 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida, ta ce, "Baba, wai ka san an yi wani malami Bafulatani a Jojiya zamanin bayi?" Na ce ta bar wasa. Ashe ni ne ban sani ba.

Sunan tsibirin Sapelo. Daga nan Atlanta tafiyar awa huɗu da ɗoriya ce a mota zuwa wani ɗan ƙauye da ake kira Meridian, kusa da Darien. A nan mota ke tsayawa, don babu gada. Jirgin fito na gwamnatin jiha ake shiga, kamar rabin awa a kan ruwa, kuma ba ya ɗaukar mutum haka kawai. Sai sunanka na cikin jerin masu zagayen da aka shirya, ko kuma wani mazaunin tsibirin ya shaida cewa baƙonsa ne kai. Ku riƙe wannan, don na ga wani mutum da iyalinsa da kulolinsu an mayar da su daga bakin ruwa.

A farkon shekarun 1800 mai tsibirin, Thomas Spalding, ya sayi wani bawa daga wajen Bahamas mai suna Bilali Muhammad. Mutumin Timbo ne, a Futa Jallon ta ƙasar Gini ta yau. Ya yi karatu kafin a kama shi. A Sapelo shi aka ɗora a kan ɗaruruwan bayi, yana sa jar dara, yana sallarsa, yana azuminsa. A yaƙin 1812, da aka ji tsoron Turawan Ingila za su faɗa wa tsibirin, shi aka danƙa wa bindigogi da mutum kamar 80 su yi tsaro. Ku duba wannan al'amari: an yarda da shi a kan bindiga, ba a yarda a ba shi 'yancinsa ba. A cikin bauta ya rasu, wajen 1857.

Ya bar wani ɗan littafi da ya rubuta da hannunsa da Larabci, shafi 13. Yana nan har yau a ɗakin karatun Jami'ar Jojiya da ke Athens, awa ɗaya da rabi daga inda muke zaune. Turawa suka daɗe suna zaton labarin rayuwarsa ya rubuta, don babu mai iya karantawa. Sai wani masanin harsuna, Joseph Greenberg, da ya zo bincike ƙasar Kano wajen 1939, ya tafi da kwafinsa ya nuna wa malamanmu. Da farko suka ce wannan ai rubutun aljanu ne, saboda yadda baƙaƙen suka cakuɗe. Da suka zauna suka natsu, suka fara gane kalmomin, suka ce ai wannan ya yi kama da Risala, ga maganar alwala, ga kiran salla. Wato tsohon nan, bayan shekaru masu yawa babu allo babu malami, ya zauna yana zubo abin da ya rage masa a ka daga karatun zaure. Kuma sai da takardar ta je Kano aka gane ta. Malamanmu da ke nan gaba, wannan Risalar da kuke biya wa ɗalibai ranar Asabar fa nake nufi.

Amma abin da ya fi taɓa ni ba littafin ba ne. A shekarun 1930 ma'aikatan gwamnati sun zaga suna rubuta abin da tsofaffin tsibiran nan ke tunawa. Wata tsohuwa daga zuriyar Bilali, Katie Brown, ta ba su labarin yadda yake jan carbi yana salla a kan ɗan abin shimfiɗarsa, ta kuma lissafa 'ya'yansa mata, cikinsu har da Fatima da Madina da Bintu. Sannan ta ce kakarta kan jiƙa shinkafa ta kwana, da safe ta zuba a turmi ta daka, ta sa zuma, ta mulmula, ta tara yara ta raba musu. Sunan abin, in ji ta, "saraka". Iyayenmu mata, na ga kuna kallon juna. Sadaka ce. Gumbar nan ce da kakanninmu ke rabawa yaran unguwa ranar Juma'a, sai dai su da shinkafa suka samu. Da na karanta wa maiɗakina wannan wurin, shiru ta yi ta tashi ta shiga kicin.

Kada wani ya tafi da zaton zai tarar da masallaci. Zuriyar tasa Kiristoci ne, cocinsu na farko tun 1866 aka kafa shi. Suna zaune a unguwa ɗaya da ta rage musu, Hog Hammock, kuma yau ba su wuce 'yan gomomi ba. Kusan duk sauran tsibirin na gwamnatin jiha ne, ɗan abin da ke hannunsu kuma masu kuɗi na zawarcinsa, haraji na hawa. Mutanen Gullah Geechee ake kiransu. Wanda ya zaga da mu ɗan unguwar ne, a tsohuwar motarsa mai ƙara kamar injin niƙa. Ya kai mu ƙofar maƙabartarsu, ya nuna mana kaburburan na kallon gabas. Da ya ji daga inda muka fito, sai ya tsaya ya sake ba ni hannu. Shawarata, idan za mu je, mu biya 'yan unguwar su zaga da mu, mu ci abincinsu, mu sayi kwandunan da suke saƙawa da ciyawar fadama, kuɗin ya tsaya a hannunsu. Mu kuma tuna sun shiga jimami: ranar 19 ga Oktoban 2024, ranar bikin al'adunsu, gadar hawa jirgi ta rufta da mutane, bakwai suka rasu. Ba wurin shewa da kiɗa a lasifika ba ne.

Yara kuwa ba za su gaji ba. Akwai bakin teku mai faɗi wanda za ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da kowa ba, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1820, akwai manyan itatuwa da wani irin gansakuka ke reto a jikinsu kamar furfurar gemu. Akwai kuma sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo waɗanda ko na Hadejia albarka. A riƙe magani. Kada yaro ya kusanci kududdufi, akwai kada. Kifi da jatan lande sai wanda ya ƙoshi, amma a tambaya kafin a ci jar shinkafarsu ko ganye, sukan sa naman alade a ciki. Mu dai kuloli za mu cika daga gida.

Idan aka ga kwana biyu za a yi, tsibirin St. Simons na kudu kaɗan, shi da mota ake shiga. A can wani Bafulatanin, Salih Bilali, mutumin Masina, ya yi tasa bautar, ubangidansa da kansa ya rubuta cewa ba ya shan giya kuma yana azumin Ramadan. A can ne kuma wasu Inyamurai da aka kawo a 1803 suka zaɓi shiga ruwa a kan su yi bauta. Gaba da St. Simons akwai tsibirin Cumberland, inda dawakai ke yawo babu mai su, jirgin fito na tashi daga garin St. Marys. Babu kanti a can, abin da ka ɗauka shi za ka ci. Masu 'yan uwa a Maryland kuma, ku ce su leƙa Tangier daga Crisfield, tsibirin masu kamun ƙaguwa ne, ba a sayar da giya, ruwa kuma na cinye shi a hankali. Wani ya ambata mini tsibirin Mackinac na Michigan, inda aka hana mota tun 1898, sai keke da keken doki. Yana da kyau, amma ya yi mana nisa, kuma otal ɗinsa ba na mai 'ya'ya biyar ba ne.

Maganar lokaci: damina ta guguwar teku daga farkon Yuni take farawa har ƙarshen Nuwamba, ta fi tsanani wajen Agusta da Satumba. Don haka ina ganin mu tafi da zarar an rufe makarantu, kafin zafi ya kankama. Fasfo ba ya cikin zancen, cikin jiha ne. Mota babba ɗaya za ta ɗauke mu idan ba mu wuce hamsin ba, ni kuma na ɗauki nauyin neman direba da kiran mutanen tsibirin, amma sai na san yawanmu, don wurin zama a jirgin ƙididdigagge ne.

Sakatare zai zagaya da takarda yanzu. A rubuta suna, da yawan yara, da shekarunsu. Wanda ya san aikin dare yake yi ranar Juma'a, ya fara neman wanda zai karɓe shi tun wannan makon, don ƙarfe uku na dare za mu tashi. Malam Ma'aji, na ga ka ɗaga agogo. Na gode, wassalamu alaikum.