Hanyar dutse a filin bayan gidana, daga Bradford

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau Asabar, ga ni a filin bayan gidana nan Bradford ta Ingila, kuma kamar yadda kuke gani sararin sama ya ɗan washe, shi ya sa na fito da wuri. A garin nan in ka samu yini guda babu yayyafi, to ka kama aikinka kawai.

Bari in juyo da kyamara ku ga wurin. Daga wannan ƙofar kicin zuwa can inda igiyar shanya take, mita 9 ne. Ƙasar nan yumɓu ce, ba ta shan ruwa. Daga watan Oktoba har Maris wurin nan taɓo ne zalla. Maman yara in za ta yi shanya sai ta sa takalmin roba, yara kuma su kwaso laka har falo. Amma abin da ya sa na ce bana sai an yi hanyar nan, Hajiyata ce za ta zo mana. Tana fama da gwiwa, kuma na san halinta, ba za ta yarda ta wuni a ɗaki ba, sai ta fito ta sha iska ta ja carbinta. Ba zan iya barinta ta taka wannan santsin ba.

Shekara biyu da suka wuce na taɓa gwadawa. Na sayo falalen siminti na jera a kan ƙasa haka nan. Ga su can na jingine a bango. Hunturu ɗaya ya ishe su. Ruwa ya shiga ƙarƙashi, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura ta ɗaga su, da ta narke kowanne ya zauna a karkace. Ka taka nan, can ya tashi. Wani dattijo maƙwabcina, Bature ne da ya yi aikin gini har ya yi ritaya, shi ya leƙo ta kan katanga ya ce min matsalar a ƙasa take, dutsen ba shi da laifi. Shi ya koya min yadda nake yi yanzu, Allah ya shiryar da shi ya saka masa.

To ga ramin. Jiya ni da babban yarona muka haƙa, faɗin santimita 90, zurfin kusan 20. Mun kafa turaku mun ja igiya don kada hanyar ta yi gwame. Ku yi hattara wajen haƙa a ƙasar nan, domin bututun gas da wayar lantarki da na ruwa duk a binne suke. Da shebur muka bi a hankali, ba mu sa diga ba.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Wannan tsakuwar da na zuba, farfasasshen dutse ne haɗe da garinsa, in ka je shagon kayan gini ka ce Type 1 sun gane. Manyan buhu biyu na sayo, kowanne ya haura kilo 800, da baro muka yi ta jido su daga bakin titi. Kaurinta santimita 10 ake so bayan an danne, kuma ba a zuba ta gaba ɗaya. Ka zuba rabi ka daɓe, ka ƙara rabi ka sake daɓewa. Wannan injin da kuke jin ƙararsa haya na ɗauko na yini guda.

Wallahi da na tayar da shi ɗazu, sai gidan kakata a ƙauye ya faɗo min a rai. Ranar daɓe, matan unguwa su taru, a baza tsakuwa a yayyafa ruwa, kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi tauri, sannan a bi da ruwan makuba. Mu yara muna gefe ana korar mu. Daɓen nan shekaru yake yi bai fashe ba. Aikin da injin nan yake yi ke nan, sak. Abin da iyayenmu mata suka sani tun tuni, shi na zo Ingila na manta har sai da wani ya tuna min.

Sai maganar gangara. Ku ga lebur ɗin nan, wato ma'aunin daidaito na magina, kumfar cikinsa ba ta zauna a tsakiya ba, da gangan ne. Dattijon ya ce a kowane santimita 60 a sauke 1, don haka a faɗin hanyar nan gefen ciyawa ya fi ɗaya gefen ƙasa da santimita ɗaya da rabi. Ido ba zai gani ba, amma ruwa zai gani. A bakin ƙofa kuma, akwai wani baƙin layi a cikin bulon gida da ke hana danshi hawa bango. Dole saman dutsen ya zauna ƙasa da shi da santimita 15, wato bulo biyu. In ka haura, ka jawo wa bangon ɗakinka ruma.

Dutsen kansa na nan yankin ne, dutsen Yorkshire, wanda aka shimfiɗa a gefen titunan Landan da yawa. Tsoho ne, na samo shi daga wani gida da ake gyarawa. Akwai na Indiya da ake kawowa daga Rajasthan, ya fi araha ya fi sauƙin ɗauka, amma ni wannan na fi so saboda fuskarsa tana da kaushi, ƙafa tana kamawa. Nauyi ne dai, wannan guda ɗaya sai mu biyu.

Kwaɓin kuwa, yashi mai kaushi awo 4, siminti awo 1, ruwa kaɗan yadda in ka dunƙula zai tsaya. Shimfiɗa shi za ka yi ko'ina a ƙarƙashin dutsen. Na ga masu ɗiga shi wuri biyar su ɗora dutse, don Allah kada ku yi, ramin da ya rage a ƙasa shi ne gidan ruwa. Yaro, miƙo min gudumar robar nan. Madalla. Ku saurari sautin: in ya yi ƙwal-ƙwal akwai rami, in ya yi dim ya zauna.

Guda bakwai muka ɗora, ga hadari ya fara haɗuwa ta yamma. Zan rufe su da leda, kuma ba mai takawa sai bayan kwana biyu, sannan mu cike tsakanin duwatsun. Jirgin Hajiya saura mako uku. Yaro, kama wancan bakin ledar, ɗora masa bulo kada iska ta kwashe.